Olumbe Bassir, Malamin Da Ya Bi Sawun Dafin Gyaɗa

Jama'a, a wannan fitowa za mu ɗan leƙa tarihin wani bawan Allah wanda da yawanmu ba mu taɓa jin sunansa ba, alhali kuwa aikinsa ya shafi buhunan da muke jibgewa a rumfunanmu na Wuse da Dei-Dei. Sunansa Farfesa Olumbe Bassir.

An haife shi a 1919, ya tashi a unguwar Fourah Bay ta birnin Freetown a ƙasar Saliyo, cikin al'ummar Oku, wato Musulmi masu tsatson Yarbawa. Shi ma dai ɗan ci-rani ne irinmu. Neman ilmi ya kai shi Yaba a Legas, daga nan sai Jami'ar Libaful ta Ingila, inda ya sami digirin dakta. Da ya dawo sai ya yada zango a Jami'ar Badun, ya kafa sashen nazarin sinadaran jikin mai rai, ya koyar da ɗaliban likitanci shekara da shekaru.

Wannan ilmi shi ne na sanin abin da abinci ke zama bayan an haɗiye shi: wane bitamin ke ciki, da yadda inzayim, wato ƙananan sinadaran nan masu narkarwa da sarrafawa, ke aikinsu a ciki da hanta. Tun a shekarun 1950 ya auna nonon iyaye mata na ƙasar nan don ya ga abin da jariri ke samu. A lokacin kuwa littattafan likitanci abincin Turawa suka fi sani.

To, ga inda zancen ya zo kanmu. A 1960 talo-talo wajen dubu 100 suka mutu a Ingila bayan an ba su tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Birazil. Da aka bincika, sai aka gano wani dafi mai suna aflatoksin, wanda fumfuna ke haifarwa a jikin gyaɗa da masara in ba su bushe sosai ba. A zamanin nan dalar gyaɗa tana tsaye a Kano, Arewa kaf da ita take taƙama, ka ga kuwa ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Bassir da almajiransa suka duƙufa, suna gwaji da ɓeraye, suna bin yadda hanta ke sarrafa dafin da yadda yake fita ta maɗaci. Yau an tabbatar dafin nan yana jawo sankarar hanta, kuma suya ko dafuwa ba su kawar da shi duka.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Sau nawa muka ga gyaɗa ta soma baƙi, ko masara ta sha damina a sito, sai a karya farashi a sayar wa masu ƙuli-ƙuli da masu koko? Mai saye talaka ne, 'ya'yansa ne za su ci. Damshin Abuja kuma ba irin na Katsina ba ne, buhun da zai shekara lafiya a gida, nan in aka ajiye shi a ƙasa babu katako, kafin damina ta fita ya canja wari.

Ba a ɗakin gwaji kaɗai ya tsaya ba, don a 1957 ya tattara waƙoƙin marubutan Afirka ta Yamma ya buga su littafi guda. Ya rasu a Badun a 2001, yana da shekara 80 da 'yan kai, bayan almajiransa da dama sun zama farfesoshi a jami'o'in ƙasar nan.