Nana Asma'u 'Yar Shehu: Malamar da ta kai wa matan ƙauye karatu

Duk wanda ya ratsa Nima ko Maamobi da sassafe zai ga 'yan mata kashi biyu: wasu da jakar makaranta, wasu kuma da farantin talla a ka. Wannan ne ya sa a yau muka waiwayi tarihin wata baiwar Allah da ta rasu fiye da shekara 160 da suka wuce.

An haifi Nana Asma'u a Degel a shekarar 1793. Mahaifinta shi ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, mahaifiyarta kuwa Maimuna. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Ta tashi a gidan da karatun mace ba abin mamaki ba ne, domin Shehu da kansa, a littafinsa Nurul Albab, ya yi kakkausar suka ga malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci.

Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Ta ga yaƙi, ta ga yunwa da ƙaura, amma ba ta ajiye allo ba. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma aure da haihuwa ba su raba ta da alƙalami ba. Rubuce-rubucenta da suka iso gare mu sun kai kimanin 60.

Babban aikinta shi ne 'Yan Taru. Bayan jihadi, ƙauyuka sun cika da matan da ba su san ko farillan alwala ba, ga bori ya yi katutu. Tun da matan aure ba sa iya barin gidajensu, sai ta zaɓi dattijai amintattu ta naɗa su jaji, ta ba kowacce malfa da jan rawani. Jaji kan jagoranci tsofaffi da ƙananan 'yan mata su tako da ƙafa har wurinta, su haddace waƙoƙinta na tauhidi da salla da tarihin Annabi (SAW) da kyautata wa maƙwabci, sa'an nan su koma su koya wa na gida. Mu da muka san fatauci mun fahimci wannan dabara: idan mai saye ba zai iya zuwa kasuwa ba, sai a kai masa haja har ƙofar gida.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Sakkwato kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru.

To, ina mu? Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi ba su cika kashi 20 cikin 100 na mutanen Gana ba. Kakanninmu sun guji boko ne don tsoron kada makarantun mishan su sauya wa 'ya'yansu addini, kuma 'ya'ya mata suka fi cutuwa. Amma tun 1987 gwamnati ta kafa sashen ilmin Musulunci a hukumar ilmi ta ƙasa, a 2017 kuma aka soma sakandare kyauta. Gaskiya ne akwai sauran rina a kaba, kamar takaddamar hijabi ta 2015 da ta azumi a makarantar Wesley Girls a 2021. Sai dai wa zai tsaya mana a irin wannan gwagwarmaya in ba lauyoyi da malamai mata daga cikinmu ba?

Saboda haka, 'yan'uwa fatake na Aflao da Paga da Elubo, ribar tallar yini ɗaya ba ta kai a cire yarinya daga aji ba. Allah Ya jiƙan Nana Asma'u, Ya sa 'ya'yanmu su gaje ta, amin.