Tarihin Shehu Muhammadu al-Katsinawi, Masanin Hisabi da Lokuta

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta. Bayan haka, wannan tarihin Shehu Muhammadu ɗan Muhammadu ne, Bafillacen Katsina, wanda sunansa ya shahara a Masar.

Ya ƙoshi da ilmi tun a ƙasashenmu kafin ya nufi Gabas. A wurin Shehu Muhammadu Fudu ya karanta nahawu da sarfu, ya lazimce shi a gida da kan hanya wajen shekara 4, har malamin ya riƙa kiransa Sibawaihi. A wurin Shehu Muhammadu Bindu kuma ya ɗauki hisabi da ilmin haruffa da hatimi da ilmin miƙati, bisa tafarkin malaman Magriba.

Shi miƙati shi ne sanin lokuta, wanda salla da azumi suka rataya a kansa. Asalinsa kuwa, rana tana karkata arewa har daraja 23 da rabi a farkon damina, sa'an nan ta koma kudu gwargwadon haka da hunturu. Saboda haka yini yake tsawo, yake gajarta. Malaman fannin suna da jadawalin kusurwoyi biyu, jaibi da zilli. Sai su buga zillin nisan gari daga tsakiyar duniya cikin zillin karkatar rana, abin da ya fito shi ne jaibin rabin ƙarin yini. Kowace daraja minti 4 ce.

Lajawa ta ƙasar Wudil tana kusa da daraja 12, don haka ƙarin yininta bisa sa'a 12 bai wuce wajen minti 42 ba a wannan lissafi. Amma Alƙahira tana daraja 30, ƙarinta ya kusa sa'a 2. Ashe falken da ya riƙe lokutan garinsu a can, sai ya buɗe baki rana ba ta faɗi ba.

Da wannan guzuri Shehu ya yi aikin hajji a shekara ta 1142 ta Hijira, wato wajen 1730. Daga nan ya zauna Alƙahira, ya shaƙu da Shehu Hasan al-Jabarti, gwanin falaki, mahaifin Abdurrahman marubucin tarihin Masar. Ya wallafa Bahjatul Afaƙi a kan hatimai, ya bayyana yadda ake jera adadi cikin gidaje, jimla ta zo daidai tsaye da kwance da karkace. Yana kuma da Durrul Manzumi, da Bulugul Arabi a kan nahawu.

Ajali ya riske shi a gidan al-Jabarti a shekara ta 1154, wato 1741, bayan ya ba shi wasiyyar littattafansa da abin da ya bari. A Alƙahira aka binne shi, bai sake ganin Katsina ba.

To, ya ku malamai da fatake, ku duba: mutumin nan bai tafi Masar hannu sake ba, da ilmin gida ya zauna cikin manyanta. Kada almajiri ya raina hisabi, domin da shi ake raba gado, da shi ake tsare lokacin ibada. Allah ya jiƙansa, ya amfane mu da ilminsa, amin. Tamat.