Marigayi Dokta Denis Burkitt (1911-1993)

An haifi Denis Burkitt a garin Enniskillen na ƙasar Ailan a shekarar 1911, a gidan masu bi. Yana ɗan shekara 11 ya rasa idonsa na dama sakamakon jifa da dutse. Wannan bai hana shi karatun likita a birnin Dublin ba, har ya zama likitan fiɗa. A 1946 ya kama aiki a ƙasar Yuganda, domin ya ɗauki hidimar marasa lafiya a matsayin kira daga wurin Ubangiji.

A 1957, a asibitin Mulago da ke Kampala, aka kawo masa wani yaro da kumburi a muƙamuƙi, sama da ƙasa. Ba a jima ba ya ga wani yaron da irin wannan kumburi. Sai ya shiga binciken tsofaffin takardun asibiti, ya gane cewa wata irin sankara ce mai kashe yara cikin 'yan watanni. A 1961 shi da abokansa likitoci biyu suka yi tafiyar kusan mil 10,000 a mota, suna bin asibitoci suna tambaya. Suka tarar ciwon ya fi yawa a wurare masu zafi da ruwan sama, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu.

A wannan shekarar ya ba da lacca a Landan. Wani mai bincike, Anthony Epstein, ya saurare shi, ya yi zargin ƙwayar cuta ce sanadi, ya roƙa a riƙa aiko masa da tsokar ciwon ta jirgin sama. Fiye da shekara biyu ana gwaji ba a ga kome ba, Burkitt kuwa bai fasa aikawa ba. A Disamba 1963 hazo ya sa jirgin ya yi latti, ruwan da ke cikin kwalbar ya gurɓace kamar ya lalace. Da aka duba, ashe ƙwayoyin sankarar ne ke yawo a ciki da ransu. Epstein da Yvonne Barr suka rene su a ɗakin gwaji, kuma a 1964, tare da Bert Achong, suka ga ƙwayar cutar ta madubi mai aiki da lantarki. 'Yar dangin ƙwayar ƙarambau ce, kuma ita ce ta farko da aka danganta da sankara a jikin ɗan Adam. Ana kiranta Epstein-Barr.

Daga baya Werner da Gertrude Henle a Amurka suka fito da gwajin jini mai nuna wanda ya taɓa kamuwa da ita. Gwajin ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na manya suna ɗauke da ita, yawancinsu lafiya lau. Zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa ne ke raunana garkuwar yaro har ta sami hanya.

Burkitt ya nuna cewa magani yana narkar da kumburin, kamar yadda Farfesa Victor Ngu ya nuna a Ibadan. Ya rasu a Ingila a 1993.

Mu kuma, idan muka ga kumburi a fuskar yaro yana girma da sauri, kada mu tsaya jira. A garzaya da shi asibiti, gama ciwon yana jin magani idan an kama shi da wuri.