Abdulƙadir ɗan Tafa na Salame, Malamin da Ya Riga Mu Shiga Gardamar Lissafi da Rai

Abin ya samo asali ne daga wata gardama da muka yi a ɗakin kwananmu, wani dare da ba wuta, zafin Mafara kuma ya hana kowa barci. Wani abokinmu ya yi mafarki da mahaifiyarsa wadda ta rasu bara. Da ya farka sai ya ɗauki waya ya rubuta wa ChatGPT mafarkin kaf. Manhajar ta ba shi amsa mai taushi, ta yi masa ta'aziyya, har ta nuna ta fahimci halin da yake ciki. Wallahi sai da ya yi hawaye. Daga nan ɗaki ya rabu biyu. Wasu suka ce ai ta fahimta ɗin, tunda ta faɗi abin da ko ɗan'uwansa bai iya faɗa ba. Wasu suka ce lissafi ne kawai, kalma ke bin kalma. Ni da nake karanta kimiyyar kwamfuta sai aka juyo kaina, na buɗe baki na fara jero sunayen Turawa. Wani ɗan Bakura da ke kwance a kusurwa ya tambaye ni ko mu nan ba mu taɓa yin wanda ya yi tunani a kan wannan ba. Ban ba shi amsa a daren ba. Wannan rubutun ne amsar, ko da yake ta zo a makare.

Sunansa Abdulƙadir ɗan Mustafa, amma an fi saninsa da ɗan Tafa. An haife shi a 1804, shekarar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu. Wato a tsakiyar gudun hijira aka haife shi, lokacin da jama'a ba ta san inda za ta kwana gobe ba. Mahaifiyarsa Khadija 'yar Shehu ce, malama ce ta gaske, ita ce ake danganta wa fassarar Muhtasar na Halilu zuwa Fulatanci. Duk wanda ya taɓa zama gaban malami da Muhtasar ya san wannan ba aikin wasa ba ne. Mahaifinsa, Malam Tafa, yana cikin manyan magatakardan Shehu. Yaron da ya tashi tsakanin uwa mai fassara fiƙihu da uba mai riƙe da alƙalamin jama'a, ai ba sai an tambayi inda ya samo son takarda ba.

Yana da shekara 13 kakansa Shehu ya rasu, a 1817. Ya yi karatu wurin mahaifinsa, amma wanda ya fi tasiri a zuciyarsa shi ne kawunsa Muhammadu Sambo ɗan Shehu, wanda ya shigar da shi hanyar sufanci tun yana matashi. Daga baya gidansu ya zauna a Salame, arewa da Sakkwato, a ƙasar Gwadabawa ta yanzu, inda Malam Tafa ya kafa makaranta. Da uban ya rasu sai ɗan ya ci gaba da riƙe ta. Zamanin Muhammadu Bello, da Atiku, da Aliyu Babba duk sun wuce a gabansa, ana neman shawararsa, amma mazauninsa bai wuce tsakiyar almajirai da littattafai ba.

Masu tarihi sun fi saninsa da littafinsa Raudatul Afkari, wanda ya tattara labarin sarakunan ƙasar Hausa, musamman Gobir. A 1853 Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya sadu da shi a Wurno zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya kuma rubuta cewa a cikin malaman wannan zamani a Sakkwato babu wanda ya kai shi ilmi. Wannan duk gaskiya ne, amma ba shi ya kawo ni ba. Abin da ya ja ni shi ne ɗaya ɓangaren nasa, wanda ba a cika faɗa a lakca ba: mutumin masanin falsafa ne.

A cikin wata waƙarsa ta godiya ga Allah, ya lissafa fannonin da ya karanta, ya kasa su gida-gida. Ban da nahawu da fiƙihu da tafsiri, akwai abin da malamai ke kira ilmin mutanen farko: manɗiƙi, hisabi, falaki, likitanci, da sanin ɗabi'ar halitta. Akwai ilmin haruffa da hatimi. Sannan akwai ilmin sufaye, wanda ba a samunsa da karanta shafi kaɗai.

Bari in ɗan tsaya a kan hatimi, domin a nan ne na ga fagenmu. Ku ajiye batun laya da tsubbu gefe tukuna, ku dubi lissafin zalla. Gida tara, uku sau uku, a zuba lamba 1 zuwa 9 ta yadda kowane layi, a tsaye, a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Akwai ƙa'idar cika shi: sa 1 a tsakiyar layin sama, ka haura sama ta dama, in ka fita daga gidan ka shigo ta ɗaya gefen, in ka tarar da gida a cike ka sauko ƙasa. Bi wannan, za ka samu 8, 1, 6 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 4, 9, 2 a ƙasa. Ƙa'idar tana aiki ga biyar sau biyar, da bakwai sau bakwai, da kowace lamba mara. To 'yan ajinmu, mene ne wannan in ba algoridim ba? Yaro ɗan firamare zai iya bin matakan ya fitar da amsa daidai ba tare da ya san dalilin da ya sa take fita ba. Kafin ɗan Tafa ma, wani Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashnawi, ya rubuta littafi a kan hanyoyin gina irin waɗannan hatimai a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Saboda haka malamanmu sun daɗe da sanin cewa akwai aikin hankali da za a iya mayarwa matakai, a miƙa wa wanda bai fahimta ba ya aiwatar. Tambayar da ta rage ita ce tamu ta daren nan: shin duk abin da ke faruwa a cikin mutum irin wannan ne?

Ɗan Tafa bai guje wa tambayar ba. Yana da shekara ashirin da 'yan kai ya rubuta Futuhatur Rabbaniyya, inda ya ɗauko ra'ayin waɗanda ke ganin babu komai a rayuwa sai jiki da ɗabi'a, ya bi hujjojinsu yana auna su, har da batun ko akwai ruhi ko babu. Ku lura da shekarun. Sa'an ɗan HND ne. A garinmu yau in ɗalibi ya tambaya ko tunani aikin ƙwaƙwalwa ne kawai, sai wani ya fara yi masa kallon wanda boko ya ɓata. Ga jikan Shehu, a Salame, ya shimfiɗa maganar a takarda, ya ba ta haƙƙinta, sannan ya mayar da martani. A wata waƙar, Kulliyatul Alamis Sitta, ya bi asalin jiki da rai da ruhi, yadda suke faruwa da inda suke komawa, da kalmomin masana falsafa irin su hayula, wato asalin abin da ake yin kowane jiki da shi kafin ya samu siffa. Ya kuma yi sharhin wurare masu wuya a littafin Insanul Kamil na Abdulkarim al-Jili.

Sai kuma wanda ya fi ba ni mamaki, saboda mafarkin abokinmu: yana da ɗan littafi na gabatarwa a kan ilmin mafarki da fassararsa. Ba irin littafin kasuwa ba ne mai cewa in ka ga maciji kaza ne, in ka ga ruwa kaza ne. Ya dubi mafarki ta fuskar masana ɗabi'a, ya kuma dube shi ta fuskar sufaye. A ganina ba banza mai tunani a kan rai ke komawa ga mafarki ba. Mai barci idonsa a rufe, ɗakin duhu, amma yana ganin fuskar mahaifiyarsa, yana jin muryarta. Likita zai iya manna masa wayoyi a ka ya ga ƙwaƙwalwa na aiki, ya faɗi lokacin da ya shiga mafarki. Amma fuskar nan, mutum ɗaya ne a duniya ya gan ta. Wannan ganin na ciki shi ne duk abin da ake gardama a kai.

Al'adar da ɗan Tafa ya fito daga cikinta tana da suna ga irin wannan sani: zauƙi, wato ɗanɗano. Imam Gazali ya yi dogon bayani a kansa, cewa sanin ma'anar lafiya daban, kasancewa da lafiya daban. Mu kawo shi gida. Ka ɗauki wanda bai taɓa shan fura da nono ba, ka ba shi duk bayanin da ke duniya: yawan gero, tsamin nono, citta da kanumfari, yadda harshe ke aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Zai iya cin jarrabawa a kan fura. Ranar da ya kurɓa kuwa zai san wani abu da bai sani ba jiya. Abin da ya ƙaru ɗin nan, a wane layi na manhaja za a rubuta shi?

Turawan da na jero a daren nan ma a nan suka yi ta kai da komo. A 1950 Alan Turing ya ce a bar tambayar ko na'ura na tunani, a duba ko za ta iya hira har mutum ya kasa bambanta ta da ɗan Adam. Da wannan ma'aunin, wayar abokinmu ta kusa ci. A 1974 Thomas Nagel ya ce ko ka san komai game da jemage, ba ka san yadda zama jemage yake ga jemagen ba. A 1980 John Searle ya kawo misalin mutumin da aka kulle a ɗaki da littafin ƙa'idoji, yana mayar da amsa da Sinanci daidai alhali bai san ko kalma ɗaya ba. Yaron nan ne mai cika hatimi. Tun kafin su duka, Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ce a ƙaddara mutum an halicce shi yana shawagi a iska, ba ya gani, ba ya ji, gaɓoɓinsa ba sa taɓa juna. Duk da haka zai san yana nan.

Searle yana da wani misali da na fi so, domin muna da irinsa a bayan gari. 'Yan sashen injiniya za su iya zana madatsar Bakolori a kwamfuta, su lissafa ruwan da ke shigowa daga Gulbin Sakkwato, su buɗe ƙofa su rufe, su ga yadda zai bi magudanai zuwa gonakin Mafara da Bakura. Lissafin zai iya fita daidai. Amma ko kwana nawa manhajar ta yi tana gudu, ba za ta jiƙa ko kunya ɗaya ta shinkafa ba. Kwaikwayon ruwa ba ruwa ba ne.

Sai dai in yi adalci, domin shi ma ɗan Tafa bai ɓoye hujjar abokan gardamarsa ba. Masu cewa hankali lissafi ne suna da amsa mai ƙarfi. Sun ce kwaikwayon ruwa ba ya jiƙawa, haka ne, amma kwaikwayon lissafi fa? Kalkuleta in ta haɗa 7 da 8 ta ba da 15, ba kwaikwayon tarawa ta yi ba, tarawar ce ta yi. In tunani ɗan gidan su tarawa ne, to na'ura za ta iya yin sa da gaske. In ɗan gidan su ruwa ne, ba za ta iya ba. Suka ƙara da cewa ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, babu ɗaya a cikinsu da ta san ɗanɗanon fura, amma ga shi kai ka sani. Me zai hana tarin wasu ƙananan abubuwan su ma su kai ga haka? Na kwana biyu ina juya wannan, kuma har yanzu masana ba su rufe maganar ba.

Ni dai inda na tsaya, tsarin ɗan Tafa ya fi gamsar da ni: ka ba hisabi gidansa, ka ba ɗanɗano gidansa, ka koyi duka biyun da gaske, kada ka ce ɗaya ya cinye ɗaya tun ba ka nuna yadda ya cinye shi ba. Kuma abin ba na hira ba ne kawai. Mu ne za a ɗauka aiki gobe mu haɗa irin waɗannan manhajoji, mu ne za mu sa musu Hausa a baki. In manhajar da na gina ta gaya wa wata tsohuwa a Maradun cewa tana jin zafin rashin da ta yi, ni na rubuta mata wannan da'awar, kuma ya kamata in san ko gaskiya na sa ta faɗa. Haka nan mai miƙa wa manhaja jingarsa ta rubuta masa, ya karɓi maki, ya san cewa ya mayar da kansa yaron hatimi ne da hannunsa. Ni ma na taɓa yi, ba wa'azi nake ba.

A ƙarshen rayuwarsa ɗan Tafa ya rubuta Uhudu wal Mawasiƙ, jerin alƙawuran da ya ɗaukar wa kansa game da yadda zai yi da ilminsa da yadda zai zauna da mutane. Ya rasu a 1864, yana da shekara 60, Allah ya jiƙansa. Shekara talatin da 'yan kai bayan haka, rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine, wadda ta yi ta'asa a Birnin Ƙonni a 1899, ta bi ta Salame ta ƙone garin, littattafai da yawa suka salwanta. Abin da ya tsira shi ne wanda almajirai suka riga suka kwafa da hannu ya bazu a gidaje. Daga irin waɗannan ne marigayi Ahmad Muhammad Kani ya yi bincikensa na digirin digirgir a kan ɗan Tafa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Na kai wa ɗan Bakuran nan wannan rubutun tun kafin in miƙa shi ga editocin mujalla. Ya karanta a tsaye, ya tambaye ni nawa ne kuɗin mota daga Sakkwato zuwa Salame.