Chris Squire: Mutumin Da Kowa Ya Tafi Ya Bari A Ƙungiyar Yes

Yau ba Kannywood za mu ba, ba kuma Indiya ba, Landan za mu leƙa. Amma kafin nan, wa ya tuna bidiyoyin barkwancin nan da suka yi tashe a intanet, waɗanda za ka ga mutum yana dab da faɗawa kwata, ko ƙwallo na dab da dukan fuskarsa, sai hoton ya tsaya cak, wata kibiya ta fito a ƙasa tana nuna za a ci gaba? Akwai kiɗan da ke raka su. Jita ce take lallaɓawa a hankali, can sai wani sauti mai kauri ya faɗo kamar an banko ƙofa.

Na fi shekara ina dariyar bidiyoyin nan ban taɓa tambayar kiɗan wane ne ba. Wani abokina mai son katun ɗin Japan ne ya gaya min daga shirin JoJo's Bizarre Adventure na 2012 aka ɗauko shi, su kuma sun aro waƙar ne daga wata tsohuwar ƙungiyar Ingila mai suna Yes. Sunan waƙar Roundabout, ta fito a 1971. Na nemo ta, na sa iyafis, na saurari minti takwas da rabi ɗin nan sau uku a jere. Wannan sauti mai kauri jitar bes ce, mai kaɗa ta kuma shi ne marigayi Chris Squire.

Ga wanda bai sani ba, bes jita ce mai tsirkiya huɗu masu kauri, aikinta riƙe gindin kiɗa tare da ganga. A sutudiyoyinmu yawanci daga fiyano ake fitar da sautinta, shi ya sa ba ma lura da ita. Ko a Turai ma, mai bes a baya yake tsayawa, mawaƙi da mai jita su kwashe tafi. Squire ya ƙi yarda da wannan rabon.

An haife shi ranar 4 ga Maris, 1948, a unguwar Kingsbury da ke arewa maso yammacin Landan. Babansa direban tasi ne. Tun yana ƙarami yake cikin yara masu rera waƙa a cocin St Andrew's na unguwarsu, inda ya koyi yadda muryoyi daban-daban ke tafiya tare, kowace da hanyarta, ba tare da sun yi karo ba. Ku riƙe wannan, don shi ne sirrin kiɗansa.

A 1964, lokacin da Beatles suka rikita samarin Ingila, shugaban makarantarsu ya dakatar da shi saboda ya tara suma. Aka ba shi sule biyu da sisi ya je ya yi aski. Gogan naku ya karɓi kuɗin ya wuce gida, bai sake komawa makarantar ba. Ya samu aikin sayar da jita a shagon Boosey & Hawkes da ke titin Regent, da rangwamen ma'aikata ya sayi bes ƙirar Rickenbacker. Wannan jitar ya riƙe kusan duk rayuwarsa.

Akwai wani abu da ba zan ɓoye ba. A 1967 ya sha ƙwayar LSD ta juya masa kai har aka kwantar da shi a asibiti. Da ya fito, watanni ya yi a kulle a ɗaki, ba ya iya shiga mutane, ba abin da yake yi sai kaɗa bes daga safe har dare. Wasu magoya baya suna ba da labarin nan kamar abin burgewa. Ni dai abin da na gani shi ne yaro ɗan shekara 19 da ya kusa rasa hankalinsa, Allah ya sa da sauran shan ruwa. Gwanintar da ya fito da ita daga ɗakin nan ta atisayen watanni ce.

A 1968 ya haɗu da wani mawaƙi mai siririyar murya, Jon Anderson, a wani kulob da ake kira La Chasse a unguwar Soho. Su biyun suka kafa Yes tare da Peter Banks a jita, Tony Kaye a fiyano, Bill Bruford a ganga. Salonsu shi ne wanda ake kira prog rok, wato kiɗan rok da ake ginawa hawa-hawa, waƙa ɗaya ta canza tafiya sau biyar ko shida kafin ta ƙare. Waƙar Close to the Edge ta 1972 minti 18 ce da ɗoriya, ita kaɗai ta cinye fuska ɗaya ta faifai.

To me ya bambanta bes ɗinsa? Da yawan masu bes da yatsu suke kaɗawa, sautin ya fito a dunƙule. Shi da ɗan guntun roba yake kaɗawa, kuma yana barin babban yatsansa ya shafi tsirkiyar bayan robar ta wuce. Tsirkiyoyin Rotosound yake ɗaurawa, masu kaushi da ƙara. Ya kuma sa aka sake wa jitar wayoyi yadda sautinta zai rabu biyu, mai kauri ya tafi amfilifayar bes, mai kaifi ya tafi amfilifayar jita. Shi ya sa kake jin gurnani a ƙasa, a sama kuma kamar ana kaɗa ƙarfe. Amma abin da ya fi kama ni shi ne hanyar da yake bi. Mawaƙi na hawa, shi yana gangarowa da nasa launin, kamar murya ta biyu a cikin yaran cocin nan. Ga shi kuma yana yi wa Anderson amshi da baki a daidai lokacin da hannunsa ke wani aikin.

A kundin Fragile na 1971 an ba kowane ɗan ƙungiya fili ya nuna kansa. Nasa shi ne The Fish, inda ya jera sautukan bes kan bes har suka cika kunne. Kifi laƙabinsa ne, saboda in ya shiga wanka sai an manta da shi. Ya kuma yi suna wajen latti da jan lokaci a sutudiyo, abin da ya dinga ƙona wa Bruford rai. Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba.

Yanzu mu zo kan shige da fice, don in kana son ciwon kai, ka zauna lissafin waɗanda suka ratsa Yes. Banks ya fita a 1970, Steve Howe ya shigo. Kaye ya fita a 1971, Rick Wakeman ya shigo. Bruford ya koma King Crimson a 1972, Alan White ya hau ganga. Wakeman ya tafi a 1974, ya dawo a 1976. A 1980 aka yi babbar girgiza, Anderson da Wakeman suka fice tare. Kowa ya ce shi ke nan. Squire da sauran suka jawo Trevor Horn da Geoff Downes na ƙungiyar Buggles, suka fitar da kundin Drama. Magoya baya da yawa ba su karɓi sabon mawaƙin ba, a 1981 ƙungiyar ta watse.

Nan ma bai zauna ba. Shi da White suka haɗu da wani ɗan Afirka ta Kudu, Trevor Rabin, suka dawo da Kaye, daga baya ya kunna wa Anderson abin da suka naɗa, Anderson ya dawo. Kundin 90125 ya fito a 1983, waƙar Owner of a Lonely Heart ta hau lamba ɗaya a Amurka, matsayin da ba su taɓa kaiwa ba ko a zamanin da ake ganin sun fi gwaninta. A ƙarshen shekarun 1980 har Yes biyu aka samu. Anderson, Bruford, Wakeman da Howe sun haɗu, amma dole suka yi amfani da sunayensu, don sunan Yes yana ɓangaren da Squire yake. A 1991 aka haɗe ɓangarorin biyu, mutum takwas a dandamali ɗaya.

A nan ne muke gardama da abokin nawa. Shi yana ganin Squire riƙe suna kawai ya yi kamar mai riƙe da takardar fili, musamman a 2008 da Anderson ya kwanta rashin lafiya, ƙungiyar ta ɗauki wani mawaƙi ta fita yawon wasa ba tare da shi ba. Gaskiya wannan ya ɓata wa mutane rai, ni ma ban ji daɗin labarin ba. Amma nakan ce masa ya kunna Fragile, ya kunna Drama, ya kunna 90125. Mawaƙi ya canza, mai jita ya canza, salon ma ya canza, amma cikin daƙiƙa goma za ka gane gidan da ka shiga, saboda wannan gurnanin na ƙasa. Kundi 21 Yes ta fitar daga 1969 zuwa 2014, shi kaɗai ne yake cikin kowanne.

A watan Mayun 2015 aka sanar yana fama da wani nau'in sankarar jini. Shi da kansa ya nemi Billy Sherwood, wanda suka daɗe suna aiki tare, ya riƙe masa bes a wasannin da ke tafe. Ya mutu ranar 27 ga Yuni, 2015, a birnin Phoenix na jihar Arizona, yana da shekara 67. A watan Agustan shekarar Yes ta hau dandamali karon farko babu shi. Da aka karrama ƙungiyar a Rock and Roll Hall of Fame a 2017, Geddy Lee na ƙungiyar Rush, wanda ya taso yana koyi da shi, shi ya tsaya a gurbinsa ya kaɗa Roundabout.

Inda babu ƙasa nan ake gardamar kokawa. Ku nemi iyafis mai kyau, don sifikar waya cinye bes take yi. Ku fara da Roundabout, sannan Heart of the Sunrise, wadda masu kallon finafinan Amurka za su tuna ta a fim ɗin Buffalo '66 na 1998. A minti uku na farkonta ku bar kunnenku a ƙasa, ku bi shi shi kaɗai. In kun gama ku dawo ku raba mana gardama ni da abokina: Yes ɗin da babu Squire, har yanzu Yes ce?