William Speirs Bruce: Mutumin Da Ya Gina Ɗakin Dutse A Ƙasar Ƙanƙara

In muka buɗe taswirar duniya muka duba can ƙasa, kudu maso gabas da ƙarshen Amurka ta Kudu, za mu ga wasu 'yan ɗige-ɗige a cikin teku da ake kira tsibiran South Orkney. A ɗaya daga cikinsu, mai suna Laurie, akwai wata tashar binciken yanayi wadda mutane suke zaune a cikinta tun shekarar 1904, ba a taɓa rufe ta ba. Babu tashar da ta kai ta daɗewa a duk yankin Antaktika. Tutar Ajantina ce take kaɗawa a kanta, Birtaniya kuwa tana cewa tsibirin nata ne. Mutumin da ya aza harsashin wannan tasha shi ne William Speirs Bruce, wanda muka zaɓa mu kawo tarihinsa a bana.

An haifi Bruce a birnin Landan ran 1 ga Agusta 1867. Mahaifinsa likita ne ɗan asalin Sikotilan, shi ma an so ya gaji aikin. A 1887 ya je Edinbara don wani gajeren karatu a kan halittu, sai wurin ya kwanta masa a rai, ya shiga jami'ar garin yana koyon likitanci. A nan ya sadu da John Murray, masanin teku, wanda ya koya masa yadda ake tattara halittun ruwa a kuma rubuta bayaninsu. A 1892 ya ajiye karatun ya bi jirgin ruwa mai suna Balaena daga garin Dundee zuwa tekun kudu. Masu jirgin farautar manyan dabbobin teku suka je yi, saboda haka ba su ba shi damar bincike yadda ya so ba, amma ya dawo da ƙudurin sake komawa.

Daga nan ya shiga shiri na shekara goma. Ya yi aiki a tashar duba yanayi da ke ƙwanƙolin dutsen Ben Nevis, inda ya saba da auna iska da sanyi dare da rana. A 1896 ya tafi tsibiran Franz Josef a can arewacin duniya, daga baya kuma ya yi tafiya zuwa Spitsbergen tare da Yarima Albert na Monako. Da aka fara shirin aika jirgin Discovery zuwa Antaktika, sai ya nemi a tafi da shi. Sir Clements Markham, shugaban ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan, ya yi ta jan ƙafa wajen ba shi amsa. Da Bruce ya kawo shawarar a ƙara jirgi na biyu daga Sikotilan, Markham ya ɗauki abin a kan kishi, suka ɓata har ƙarshen rayuwarsu.

Bruce bai karaya ba. Iyalin Coats, masu masaƙar zare a garin Paisley, suka ba da mafi yawan kuɗin tafiya. Ya sayi wani tsohon jirgin Norwe, aka gyara shi, aka sa masa suna Scotia. Ran 2 ga Nuwamba 1902 suka tashi daga Troon, Thomas Robertson yana kyaftin. A watan Maris 1903 sanyi ya matso, ƙanƙara ta fara rufe teku, sai suka fake a wani lungun ruwa a tsibirin Laurie. Nan jirgin ya daskare har wajen wata takwas.

Ba su zauna jiran rana ba. Suka ɗebi duwatsun bakin teku suka jera su ba siminti, suka tayar da ɗaki mai faɗin kamar ƙafa 20, suka rufa shi da katako da tamfol. Suka kira shi Gidan Omond, don girmama Robert Omond, masanin yanayi wanda ya goyi bayan tafiyar. Robert Mossman shi ne ya shugabanci aikin auna zafi da nauyin iska da saurinta. Sauran kuma suna huda ƙanƙara suna jefa taru don kamo halittun ƙarƙashin ruwa. A watan Agusta injiniyan jirgin, Allan Ramsay, ya rasu da ciwon zuciya, suka binne shi a tsibirin.

Da ƙanƙara ta saki jirgin a watan Nuwamba, Bruce ya bar mutum shida a Gidan Omond, ya nufi Buenos Aires neman gawayi da abinci. Abin da ya dame shi shi ne kada lissafin yanayin ya yanke in sun koma gida, domin irin wannan lissafi ba ya da amfani sai an jera shi shekara da shekaru. Gwamnatin Birtaniya ba ta nuna sha'awar riƙe wurin ba, ba ta kuma hana shi ba wa wasu ba. Sai ya shirya da gwamnatin Ajantina, a zamanin Shugaba Julio Roca. Scotia ya koma da ma'aikata uku daga can, aka miƙa musu tashar ran 22 ga Fabrairu 1904, suka kafa tutarsu, suka buɗe gidan waya. Mossman ya ƙara shekara guda yana shugabantarsu. Wannan tasha ce ake kira Orcadas, Ajantina kuwa tana bikin ranar kowace shekara.

Daga nan Bruce ya kutsa Tekun Weddell, ya gano wata gaɓar da ba wanda ya san da ita, ya sa mata suna Ƙasar Coats. Sun iso gida a watan Yuli 1904 da halittu iri fiye da 1,100, daga cikinsu 212 masana ba su taɓa sanin su ba.

Abin da Bruce ya bayar saboda ilimi, shi ne ya zama tushen gardama. A 1908 Birtaniya ta fitar da takardar doka ta sa South Orkney cikin yankunan da ke ƙarƙashin tsibiran Falkland. Hujjarta ita ce ɗan ƙasarta George Powell yana cikin mutum biyun da suka fara ganin tsibiran a 1821. Ajantina kuwa ta ce ita ce zaune a wurin ba fashi, kuma ta fi kusa. A 1940 ƙasar Cile ta shata nata yanki, wanda ya hau kan wani sashe na abin da ƙasashen biyu suke nema a Antaktika. A 1947 Birtaniya ta buɗe tata tashar a tsibirin Signy, maƙwabcin Laurie. A 1952 sojojin Ajantina suka yi harbi ta saman kawunan wasu 'yan Birtaniya da suke sauke kaya a Hope Bay. Birtaniya ta kai ƙara Kotun Duniya a 1955, amma Ajantina da Cile suka ƙi amincewa a yi shari'ar.

Maganin ya zo ran 1 ga Disamba 1959, sa'ad da ƙasashe 12 suka sa hannu a Yarjejeniyar Antaktika a Washington, ta fara aiki a 1961. Ba a ce kowa ya janye da'awarsa ba, an dai jingine dukansu, an hana sabuwa, an hana ayyukan yaƙi, an keɓe yankin don zaman lafiya da bincike. A 1991 aka ƙara wata yarjejeniya a Madrid wadda ta hana haƙar ma'adinai.

Bruce bai ga ko ɗaya cikin waɗannan ba. Shi mutum ne mai kawaici, bai iya tallar kansa ba, kuma bai ɓoye kishin Sikotilan ba. An ba mutanen Discovery lambar yabo ta sarki, aka hana mutanen Scotia, har sai da ya sa aka ƙera musu ta azurfa da kansa. Ya tsara ƙetare Antaktika daga gaɓa zuwa gaɓa, kuɗi ya gagara. Ɗakin binciken teku da ya kafa a Edinbara ma rashin kuɗi ya rufe shi. Bayan doguwar jinya ya rasu ran 28 ga Oktoba 1921, yana da shekara 54. Bisa ga wasiyyarsa, an watsa tokarsa a tekun kudu kusa da tsibirin South Georgia.

Kangon Gidan Omond yana nan tsaye kusa da gine-ginen Orcadas, an sa shi cikin wuraren tarihi da yarjejeniyar take karewa. Lissafin da aka fara a ɗakin a 1903 kuwa ya zarce shekara 120, masu nazarin sauyin yanayin duniya suna dogara da shi. Mu ɗalibai da muke cika littafin gwaji a ɗakin kimiyya, wani lokaci da gunaguni, ya kamata mu tuna da mutanen da suka riƙa fita cikin duhu da ƙanƙara don su karanta ma'auni su rubuta lamba daidai.