Fafaroma Piyus na 12, wanda ya tabbatar da aƙidar ranar 15 ga Agusta

Kowace shekara, ranar 15 ga watan Agusta, mabiya ɗarikar Katolika na bikin ɗaukar Maryama, uwar Yesu, zuwa sama. Bikin ya daɗe ƙwarai, amma mutumin da ya mai da shi aƙidar da ta wajaba ga kowane ɗan ɗarikar shi ne Fafaroma Piyus na 12.

Sunansa na yanka Eugenio Pacelli. An haife shi a birnin Roma ranar 2 ga Maris 1876, ya zama limamin coci a 1899. A 1917 aka aika shi jakadan Fafaroma a Jamus, inda ya yi shekara 12. A 1930 ya zama sakataren harkokin fadar Batikan. Ranar da ya cika shekara 63 cif, 2 ga Maris 1939, aka zaɓe shi Fafaroma. Wata 6 bayan haka yaƙin duniya na biyu ya ɓarke.

Wannan yaƙi ne ya bar masa tabon da ake gardama a kai har yanzu. Wasu na zarginsa da kame baki lokacin da Hitila ke halaka Yahudawa, wasu kuma na tuna dubban mutanen da aka ɓoye cikin gidajen coci a Roma. A 2020 Fafaroma Faransis ya buɗe wa masana takardun zamaninsa domin su duba da idonsu.

Da yaƙi ya ƙare, a 1946 ya rubuta wa bishop-bishop na duniya yana neman ra'ayinsu game da Maryama. Kusan duka suka amince. Ranar 1 ga Nuwamba 1950, gaban taron jama'a a dandalin Waliyyi Bitrus, ya shelanta cewa da kwanakinta na duniya suka cika, an ɗauke ta zuwa sama, jiki da rai. Bai yanke hukunci kan ko ta mutu kafin nan ba. Ƴan Furotesta ba su yarda ba, domin Littafi Mai Tsarki bai faɗi haka a fili ba.

Ga ƴan Katolika, ma'anar ranar ita ce abin da Maryama ta riga ta samu shi ne sauran masu bi ke jira ranar tashin ƙiyama, inda jiki zai tashi tare da rai. Ga mutanen da suka ga gawawwaki jibge cikin ramuka, wannan magana ce mai nauyi: jikin ɗan Adam ba abin yasarwa ba ne.

Bai manta da Afirka ba. A 1939 ya naɗa Joseph Kiwanuka na Yuganda bishop da hannunsa, kuma a zamaninsa, a 1942, aka kafa yankin cocin Katolika na Yamai. Ya rasu ranar 9 ga Oktoba 1958 a Castel Gandolfo, yana da shekara 82.